Masauki a Nafada

Na sauka Nafada da la'asar sakaliya,
jaka a kafaɗa, ƙafa ta yi tsami tun daga Bajoga.
Ɗan acaɓa ya dubi fuskata, ya dubi takalmina,
ya ce, "Malam, ina muka nufa?"
Na ce, "Inda baƙo ke kwanciya."
Ya ce, "Ai baƙo kashi uku ne a garin nan:
akwai na fanka, akwai na tuwo, akwai na ruwa."

Muka fara da na fanka.
Shuɗin ƙyaure, harabar siminti,
Giɗaɗo manaja na jan makullai kamar carbi.
Ɗaki na huɗu: katifa, bokiti, madubi mai tsaga,
janareto zai tashi bayan magariba, ya mutu kafin sha biyu.
Na tura taga, katanga ta yi mini sallama.
Irin ɗakin nan na baro a Gombe,
ban biya kuɗin mota don in kwana inda na kwana jiya ba.
Na miƙa makulli, na ce sai wani zuwa.

Na tuwo yana can cikin tsohon gari,
inda lungu ke haɗiye lungu.
Zauren Bappa Kwairanga, kaurin bango kamu biyu,
sanyin ƙasa, azara ta yi baƙi don daɗewa.
Ba a karɓar sisi, abin kunya ne ma a ambata,
an kawo fura tun ban cire takalmi ba.
Amma kuɗin ɗakin tambaya ne:
"Ɗan wa? Jikan wa? Wane gida?"
Ni kuwa abu ɗaya na riƙo a hannu,
innata ta ce a kogin nan ta koyi iyo.
Ba ta faɗi unguwa ba, ni ma ban tambaya ba
har ta tafi inda ba a amsawa.

Na sha furar. Na yi godiya. Na sunkuya na fita.

Hanya ta gangara, yashi ya riƙe taya,
muka ƙarasa da ƙafa ta gefen gonar albasa.
Gidan Adda Hansatu shi ne na ƙarshe,
bayansa babu kowa sai Gongola.
Mijinta mai fito ne, filafilinsa na jingine a ƙofa,
shekara tara, ko shara za ta yi, kewaye shi take.

Ta ɗaga labule: gadon ƙarfe, randa,
gidan sauro mai faci uku,
a bango kuma layukan gawayi, ɗaya bisa ɗaya.
"Wannan, shekarar da na haifi Dija.
Wannan, shekarar da ya ci mana rumbu.
Na saman nan, mako biyu muka yi a makaranta."
Na ce, "Me ya hana ku tashi?"
Ta ce, "Maƙwabci ne.
Yakan shigo ba sallama, amma yana komawa."

Na ce, "Nawa ne?"
Ta ce, "Kwana tukuna.
Da safe ka biya kuɗin barcin da ka samu."

Ban samu ba.
Sauro ya san ƙofa ta huɗu da ba a yi wa faci ba,
kwaɗi suka raba dare tsakaninsu,
can ƙasa ruwa na ta magana ƙasa-ƙasa
kamar mace mai lissafin cefane ita kaɗai.
Na san muryar. Ko dai na so in san ta.

Da asuba 'yan mata suka sauko da tukwane,
ɗaya ta ajiye tata, ta faɗa tsundum,
kanta ya ɓullo can nesa yana dariya.
Na ce, "Adda, kin san wata Dudu
da ta bar garin nan tana ƙarama?"
Ta hura wuta, ta share ido da gefen zane,
ta ce, "Dudu nawa kogin nan ya wanke wa ƙafa?
Sha kununka kafin ya huce."

Ɗan acaɓa ya iso da hantsi,
"Malam, yaya kwanan baƙunta? Mu koma na fanka?"
Na nuna masa kumburin goshina,
na ce, "Ka dawo jibi.
Ina da bashin barci a gidan nan,
kuma ban gama sauraron ruwa ba."